Fasfon Auta da Toshiyar Malam

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya kai ni, Ya kuma dawo da ni. Ni ban san baƙi ba, ban san boko ba. Maƙwabciyata Malama Rifkatu, mai koyarwa a firamare nan Gawon Nama, ita ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Na gaya mata in ta ga ina kuka kada ta tsaya lallashi, ta bar ni da abina, hannunta ya ci gaba.

Mijina Malam ya rasu bara da damina. Manomin albasa ne, mutumin Dundaye, can na fara zaman aure kafin mu dawo cikin garin Sakkwato. Cikin 'ya'yan da na haifa, ɗaya Allah Ya bar mini, Hadiza, wadda muke kira Auta. Ta yi karatun kwamfuta, wani kamfani a ƙasar Larabawa ya ɗauke ta aiki. Sunan garin ba zan faɗa ba, ta hana ni. Ko ta'aziyyar ubanta ba ta samu zuwa ba. Da na fita takaba sai ta aiko da takardun tafiya, ta ce in je in huta wata guda wajenta.

Saura kwana biyu in tashi ta kira ni, da wata murya da ban san ta da ita ba.

"Inna, kar ki taho."

"Mi ya hwaru, Auta?"

"Sun riƙe fasfona. Don Allah kar ki taho."

Ta kashe waya. Na kira har hannuna ya gaji, ba ta ɗauka ba. Da ta ce in zo, da wataƙila tsoron jirgi ya hana ni. Da ta ce kada in zo ne na ɗaure kayana.

Jirgin farko ya sauke mu a wani fili inda za mu sauya wani. Ban taɓa ganin gini irin wannan ba. Ba ka ganin rana, ba ka sanin gabas balle ka yi salla. Ga wata matakala mai tafiya da kanta, na tsaya a gindinta ina kallon mutane suna hawa, ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Abin da nake da shi kawai takardar da Malama ta rubuta mini da Turanci, mai ɗauke da sunan Auta da inda take. Na cusa ta cikin rigata ina taɓa ta kowane lokaci, kamar za ta gudu.

Ina nan tsaye sai ga wani mutum da kati rataye a wuya. Ya yi mini murmushi, ya ce, "Hajiya, Hajiya," ya nuna jakata. Na zaci ma'aikaci ne, na buɗe. Ya ga ƙullin kilishi da kwalbar zuma, ya kaɗa kai, ya haɗa hannayensa biyu kamar wanda aka sa wa ankwa, ya nuna ni. Na ce ga shi tun ban kai wajen ɗiyata ba za a ɗaure ni. Na miƙa masa duka, har ina godiya. Kilishin nan wajen mutumin da Malam ke saya wa Auta tun tana ƙarama na saye shi. Ba a jima ba na hango mutumin a bayan wani ginshiƙi, shi da abokinsa, suna yagar kilishina suna dariya.

Na nemi banɗaki na shiga, na zauna a ƙasa, na yi ta kuka ina kiran Malam. Shi ne mai magana da baƙi, shi ne mai tambayar hanya. Shekara arba'in da 'yan kai ban taɓa tsallake titi babba ba sai yana gabana.

Sai na ji an ce, "Gwaggo, lahiya?"

Na ɗaga kai. Wata baƙar mata ce doguwa, riƙe da sandar goge ƙasa. Na ce mata ke 'yar ina ce? Ta ce sunanta Amna, daga Sudan take.

"Kakan kakana daga Sakkwato ya taso da ƙafa za shi Makka," in ji ta. "Ya yada zango a Sudan. Har yau dai muna kan hanya, Gwaggo, ba mu isa ba."

Ina hawaye na yi dariya. Na ba ta labarin kilishi, ta ce wannan ba ma'aikaci ba ne, ɓarawo ne, katin ma na banza ne. Ta nuna mini alƙibla na yi salla, ta ba ni dabino uku da shayi a kofin takarda. Da muka zo matakalar nan ta kama hannuna ta ce, "Rufe ido, ki yi bisimilla, ki taka." Na taka. Ta kai ni har ƙofar jirgi na biyu, ta damƙa ni ga wata ma'aikaciya. Duk inda Amna take, Allah Ya kai ta Makka.

Mun sauka garin da hantsi. Zafinsu ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙe ne, kamar an rufa maka zanen da aka tsamo daga tukunya. Kowa yana da mai taryensa, ni babu. Na miƙa wa wani direba takardar Malama. Muna tafiya ina karanta duk addu'ar da na sani, don ban san ko can zai kai ni ba. Ya kai ni. Ya shigar da ni akwatin nan mai hawa bene, ya ƙwanƙwasa wata ƙofa, ya juya.

Da Auta ta buɗe, sai da na sake dubawa. Wuyanta ya yi tsawo, idanu sun faɗa.

"Inna! Ba na ce kar ki taho ba?"

"Ke kika haife ni?"

Ta faɗo jikina. Nan bakin ƙofa muka yi kukan ubanta, wanda ba mu samu yi tare ba.

Kwana biyu ban tambaye ta komai ba. Na ga tukunyarta ta yi ƙura, na kaɗa miyar kuka da daddawar da ɓarawon nan ya raina, na tsare ta sai da ta ci. Ɗakin shiru kamar kabari. Ba kukan akuya, ba sallamar mai talla, ba wanda zai leƙo ya ce ina kwana. Na kan tsaya a taga in ga motoci can ƙasa kamar tururuwa, in tuna zaurenmu.

Rana ta uku bayan azahar ta fito da wata takarda ta ajiye.

Ta ce kamfaninsu magunguna yake ajiyewa yana rarraba wa asibitoci. Suna da wata tsohuwar na'ura, girmanta kamar firij, wadda ta girmi Auta a aiki. A cikinta akwai fayil, wato wurin da aka rubuta kowane magani, ɗakin sanyin da yake, da ranar da zai lalace. An sa ta gwada wani gyara, gwajin ya shiga fayil ɗin ya hargitsa shi. Kwana biyu motocin kamfani na tsaye, asibitoci na jira. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba. Manaja ya hana ta taɓa na'urar, ya karɓe fasfonta, ya ce da gangan ta yi. Jibi za ta sa hannu a takardar nan cewa ta amsa laifi.

"In kin sa hannu sai su ba ki fasfo?"

"Haka ya ce. Amma ban sani ba, Inna, ko da ita za su kai ni gaban alƙali. In na ƙi kuma ya ce 'yan sanda zai kira."

Na ga ɗiyata guda a kurkukun ƙasar da ko sannu ban iya faɗa da harshensu ba.

"To ke kin yi?"

"Da gangan a'a. Amma ina jin mantuwa na yi. Tun rasuwar Baba kaina ba daidai yake ba."

Wannan ce maganar da ban yarda da ita ba. Auta ce fa, yarinyar da ke komawa sau uku ta duba ko ta kulle ƙofa. Na ce ta gaya mini abin da take zaton ta manta, da Hausa, yadda zan gane.

"Inna, ba za ki gane ba."

"Yo na taho tun daga Sakkwato don in kalli bango? Hwaɗa mini."

Ta yi ajiyar zuciya. Ta ce fayil biyu ne, na gaske da na gwaji. Manhaja kuwa, wato jerin umarnin da na'ura ke bi, sunan na gaske kawai ta sani. Don haka kafin gwaji sai mutum ya ba na'ura umarnin juyawa: in manhaja ta nemi fayil na gaske, a kai ta na gwaji.

"Kamar Baba a fadama," in ji ta. "In ba ya son ruwa ya shiga wani kwamin shuka, sai ya toshe bakin da laka, ruwan ya bi wata hanya."

"Awo. Wanga na gane. To kin toshe?"

"Na ɗauka na toshe. Amma ruwa ya shiga, ke nan ban toshe ba."

Sai wani abu ya taso mini wanda ya fi shekara arba'in.

Wata shekara a Dundaye, ina amarya, Malam ya toshe bakin kwamin irin albasa, ya juya ruwa, ya tafi salla. Kafin ya dawo irin ya nutse, ya ruɓe a kwana uku. Mahaifinsa ya yi masa faɗa gaban mutane, ya ce shashanci ya sa ya manta. Malam ya karɓa, har shi kansa ya yarda ya manta. Sati guda ba ya cin abinci sosai. Ran nan sai ya tuɓe takalmi ya bi hanyar ruwan da ƙafa, taki ɗaya ɗaya. Can ƙarƙashin ciyawa ƙafarsa ta zurma. Ashe ƙanensa ya haƙa sabon baki don ya shayar da barkononsa, bai gaya wa kowa ba, kuma ta nan ruwa ya zagaye ya faɗa kwamin. Toshiyar Malam tana nan daram. Ta tsare bakin da aka sa ta, ba ta san da wani ba.

Na ba Auta labarin nan ina share hawaye, don na ga Malam a idona, da laka har gwiwa. Sannan na ce, "Ita toshiyar taki, ko'ina take tsarewa?"

"A'a, tana da iyaka." Ta fara ƙirga mini da yatsu, a gajiye. Ta ce ana iya sa ta tsaya ga manhajar da ta ba da umarnin da waɗanda ta kira, da ta gama aiki toshiyar ta faɗi. Ana iya sa ta tsaya cikin rukuni, don manhajoji zaman gida gida suke yi, 'yan gida ɗaya kawai ke jin umarnin. Ana kuma iya sa ta game aikin gaba ɗaya, kowa ya ji.

"Ke wacce kika sa?"

"Ban faɗi ko ɗaya ba. In ba ka faɗa ba, a irin tawa manhajar, ta gida take zama. Haka muke yi kullum, ai su biyun gidansu ɗaya."

"Su biyu?"

"Tawa tana kiran wata, ita ce mai rubutawa cikin fayil."

"Kin bi da ƙafa kin gani har yanzu gidansu ɗaya? Ko wani ya haƙa nashi baki?"

Ta buɗe baki za ta amsa, ta tsaya. Sai ta ce a hankali, "An taɓa manhaja mai rubutawar nan kafin gwajina. Na ji ana maganar za a sake gina ta." Ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa. "Inna, in an raba mata gida, umarnina ba zai kai gare ta ba ko na rubuta shi sau goma."

Na yi zaton murna za ta yi. Amma ba ta yi ba. Ta ce ba ta da tabbas, kuma ba za su bar ta ta duba ba.

Ranar da aka sa, na ce da ni za a tafi. Ta ce ba a shiga da uwa ofis. Na yafa mayafina na riga ta fita.

Ɗakin sanyi ƙalau, da dogon tebur. Manaja na zaune a kai, mai gyararren gemu da ƙamshin turare. Gefensa wani tsohon Ba'indiye mai furfura, wanda Auta ta ce shi ke kula da na'urar tun kafuwarta. A bakin ƙofa wani ƙato cikin kaki. Ko ɗan sanda ne ko mai gadi ban sani ba, amma duk lokacin da ya motsa sai na waiga. Fasfon Auta na gaban Manaja, kore, ya ɗora wayarsa a kai.

Ya turo takarda da biro. Auta ta fara magana da Turanci. Ya katse ta, ya ƙwanƙwasa takardar da yatsa. Ta sake farawa, ya ɗaga murya, ya waiwayi mai kaki. Na ga hannun ɗiyata ya nufi biro.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ɗora tafina a kan takardar, na danne. Na dubi tsohon nan, don na ga tsarana ne, na ce masa da Hausa, "Malam, ka ji tsoron Allah, ka bi hanyar ruwan da ƙafa."

Bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya tambayi Auta abin da na ce. Ta yi masa bayani mai tsawo, ta ɗaga yatsu biyu. Daga baya ta gaya mini abu biyu ta roƙa: a duba tarihin aikinta na ranar, ko ta ba da umarnin, a kuma duba gidan da manhaja ta biyu ke zaune, da ranar da aka gina ta.

Manaja ya yi tsaki irin nasu. Tsohon bai kula shi ba. Ya jawo kwamfuta, allonta baƙi da koren rubutu, ya sa tabarau, ya fara dannawa da yatsa biyu kamar kaza na tsattsagar gero. Ni hannuna na kan takarda, ban ɗaga ba. Na ja salati ya fi ɗari. Mai kaki ya matso taki ɗaya, na rufe ido na ce shi ke nan, Malam, ga mu nan mu biyu.

Sai tsohon ya ce wani abu gajere. Ya juya allon wajen Manaja, ya sa yatsa a layi ɗaya, ya gangara ya sa a wani.

Auta ta toshe baki da mayafinta. "Inna, na toshe," ta ce. "Umarnina na nan. Kwana tara kafin gwajina aka sake gina manhaja ta biyu, aka ba ta gidanta ita kaɗai. Ba a gaya wa kowa ba."

Wanda ya yi aikin, ashe Manaja ne da kansa ya kawo shi daga waje. Na ga wuyan Manaja ya yi ja. Suka yi ta magana shi da tsohon, tsohon bai ɗaga murya ba, bai kuma janye yatsansa daga allon ba.

Sannan Auta ta yi abin da ya kusa kashe ni. Ta sake magana, na ga duk sun juyo suna kallonta. Na ce mi kika ce musu? Ta ce ta gaya musu ita ma da nata: da ta sa umarnin ya game aikin gaba ɗaya, da raba gidan bai cuci kowa ba, kuma ya kamata ta duba kafin ta saki gwaji.

"Auta, ana fid da ke daga rijiya kina komawa?"

"Gaskiya ce, Inna. Amma ba ita aka rubuta a takardar nan ba."

Halin ubanta ke nan sak. Tsohon ya gyaɗa kai, ya zare takardar daga ƙarƙashin hannuna a hankali, ya ninke ta ya sa aljihu. Gumin tafina ya jiƙa ta. Manaja ya ɗauke wayarsa, ya turo fasfon bisa tebur ba tare da ya dube mu ba. Kafin Auta ta miƙa hannu na cafke shi, na kwance bakin zanena na ƙulle shi ciki, gaban kowa.

Ta ajiye aikin, muka dawo tare. Matakalar nan mai tafiya, ni na ce wa Auta ta rufe ido ta yi bisimilla. Na nemi Amna a filin jirgin ban gan ta ba.

Da muka iso, mata suka zo suka yi wa Auta ta'aziyyar da ta makara. Ta ce in kai ta Dundaye. Ƙanen Malam, wanda ya haƙa bakin nan, yanzu tsoho ne, shi ke noma fadamar. Na ba shi labari, ya yi dariya har da tari, daga nan sai ya fashe da kuka, ya ce yayansa bai taɓa tona shi gaban mahaifinsu ba.

Fasfon kuwa na sa shi a ƙasan akwatina, cikin aljihun rigar Malam. Wata biyar yana nan. Makon jiya Auta ta zo ta durƙusa ta ce an kira ta aiki a wata ƙasa, masu irin tsohuwar na'urar nan, don masu iya ta sun yi ƙaranci. Tsohon Ba'indiyen ne ya ba da sunanta. Ba ta ce in ba ta fasfo ba. Ta dai dubi akwatin.

Kwana uku ban amsa mata ba. Na ce a raina ba zan bayar ba, in mutu tana kusa da ni. Jiya da safe na buɗe akwatin don in tabbatar yana nan, na ɗora hannuna a kansa. Sai na tuna wayar Manaja a kan fasfon nan, da yadda Auta ke satar kallonsa a tebur. Irin kallon da ta yi wa akwatina ke nan.

Na kira ta. Na ɗauko fasfon, na miƙa mata.

"Inna, in kin ce in zauna, zan zauna."

"Karɓi, kafin in sake shawara. Amma duk ranar da kika ce mini kar in taho, ki shimfiɗa tabarma, ina hanya."

Malama, ajiye biron nan haka. Ga ki ke ma kina jiƙa takardar.